Gari Na Ƙara Faɗi, Birni Na Zubewa: Ina Mafita Ga Damagaram?

Ranar Talata 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tsohon babban masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rufta. Masallacin nan na ƙasa, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya ga sarakuna da dama, ya ga zuwan Turawan Faransa da tafiyarsu, ya kuma jure wa damina fiye da 150, amma a rana ɗaya ya koma tsibin ƙasa. Rahotannin da aka bayar a lokacin sun nuna cewa an ga tsagewa a jikin ginin tun kafin ranar, sai dai ruwa ya riga magina isowa.

Babu mai musun cewa daminar 2024 ta zo da ƙarfi. A faɗin Nijar kusan mutum 400 suka rasa rayukansu, ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya da rabi, har sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba. To amma duk wanda ya bi hanyar Magarya, ko ta Mirya, ko ta Tanut a ƴan shekarun nan, zai ga katangun bulo sun miƙe iya ganinsa, wasu da manyan gidaje a ciki, wasu kuwa kango ne kurum da ƙyauren ƙarfe. Ke nan akwai kuɗin gini a garin, akwai siminti, akwai magina. Abin tambaya shi ne, me ya sa dukiyar gari ke kwarara zuwa bayan gari, cikin birni kuma yana zubewa sannu a hankali? Wannan tambaya ta shafi ɗan kasuwa fiye da kowa, domin shi ne kan gaba wajen sayen fili a bayan gari, kuma rumfarsa tana tsakiyar gari.

Yadda garin ya kafu

Kamar yadda mai karatu ya sani, tsohon Damagaram ƙafa biyu gare shi. Akwai Birni, mazaunin sarauta, wanda Sarki Tanimun, da ya rasu a 1884, ya kewaye da ganuwa. Akwai kuma Zango, masaukin ayari, inda fatake daga Agadas da Ghat da Tarabulus ke sauke kaya kafin su wuce Kano, inda kuma attajirai irin su Malam Yaro suka gina gidajen da ake zuwa kallon zanen bangonsu. Faransawa sun kama garin a 1899, daga baya suka mai da shi hedkwatar mulkinsu, har zuwa 1926 da suka kwashe zuwa Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Kafin nan ma, isowar jirgin ƙasa Kano wajen 1911 ta riga ta karya cinikin ayarin hamada, kaya suka koma bin teku. A tsakanin Birni da Zango ne Sabon Gari ya tashi, ya zama cibiyar saye da sayarwa.

Duk da haka garin bai daina girma ba. Ƙidayar 1977 ta sami mutum sama da dubu 50 a cikinsa. A 1988 sun kusa dubu 120, a 2001 sun kai dubu 170, a 2012 kuwa sun haura dubu 235. Wato cikin shekara 35 jama'ar garin ta ninka fiye da sau huɗu. An kafa jami'a a 2010, aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 a kan hanyar Tanut, ma'aikata da ɗalibai suka ƙaru. Dole waɗannan mutane su sami makwanci, saboda haka ba mu ce faɗaɗa gari laifi ba ne. Maraɗi ma ai tashi ta yi daga kwarin gulbi ta hau tudu bayan ambaliyar 1945, amma ta tashi ne gaba ɗayanta, da sarkinta da kasuwarta da malamanta. Abin da ke faruwa yanzu daban ne: masu hali ne ke fita, marasa hali su zauna da tsohon gini.

Me ke fitar da mutane?

In za a yi adalci, mai fita yana da hujja. Lungunan Birni an yi su ne don mai ƙafa da mai doki da mai jaki, mota ba ta shiga yawancinsu. Gidan da kaka ya gina don iyali ɗaya, yau jikoki da tattaɓa kunne sun cika shi, ba wurin ƙara ɗaki. Wanda Allah Ya buɗa wa yana son tsakar gida mai faɗi da wurin ajiye mota, kuma wannan ba abin zargi ba ne.

Akwai kuma dalili na kasuwanci wanda ƴan kasuwar kan iyaka suka fi kowa saninsa. Wanda ke juya kuɗi tsakanin naira da sefa ya ga yadda darajar naira ta zube tun daga 2023. Ya ga an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Da yawa kuma ba sa son ajiya a banki saboda gudun riba. To ina za a sa kuɗi? Sai a sayi fili, a ja katanga, a bar shi yana jiran tashin farashi. Su kuma ma'aikatun magajin gari, yankan filaye ya daɗe da zama hanyarsu mafi sauƙi ta samun kuɗin shiga. A farkon shekarun 2000 ita kanta gwamnati da filaye ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu. Ta haka ake yanka fili tun ba a kai ruwa ba, ba a kai wuta ba, ba a fitar da magudana ba. A Yamai irin wannan yanka ce ta cinye babban ɓangare na dajin kariya da aka fara shukawa kewaye da birnin tun 1965.

Abin da ke faruwa da gidan da aka bari

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ginin ƙasa yana da ƙarko, amma yana son kulawa duk shekara. Kafin damina a duba rufin soro, a toshe inda ya tsage, a gyara indararo, a sake yaɓe, a tabbata ruwa ba ya kwanciya a gindin bango. Magabata suna da makuba da suke samu daga ɓawon ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina, duk don ruwa ya zame bai shiga ba. Idan mai gida yana kwana a ciki, shi ne zai fara ganin ɗigo. Idan ya tashi, gidan ya zama gidan gado mai magada ashirin, kowa na jiran wani ya fara. Ɗan haya ba zai zuba kuɗinsa a bangon da ba nasa ba. A bar shi damina biyu ko uku, azara ta jiƙe, gara ta shiga, sai labari.

Wani abin kuma, sau da yawa gyaran zamani shi ke ƙarasa ginin. Idan aka shafe bangon ƙasa da siminti, danshin da ya shiga ta ƙasa ko ta wata ƴar tsaga ba ya samun hanyar fita, sai bango ya ruɓe daga ciki alhali daga waje yana sheƙi. Haka nan idan aka ɗaga titi ya fi daɓen gidaje tudu, ba a kuma yi masa lambatu ba, ruwan titi cikin zaure zai sauka. Tafkuna da kududdufai da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan unguwa. In aka cike su da shara aka yi gini a kai, ruwan zai nemi wani masauki. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, wani sashensa ya rufta kan masallata ranar 11 ga Agusta 2023, mutane suka rasu, kuma can ma an ga tsagewar tun kafin abin ya auku.

Gidajen da ke kusa da kasuwa kuma wata ƙaddarar ke samunsu: a fitar da iyali, a mai da ɗakuna mangaza. Da rana unguwa ta cika da ƴan dako da amalanke, da dare ta zama kufai, sai maigadi ɗaya ko biyu. Wuta in ta tashi da tsakar dare babu mai gani da wuri. Masallacin unguwa ya rasa sahu a sallar asuba, mai shayi da mai ƙosai da mai kanti su rasa masu saye, su ma su tattara su bi jama'a.

Kuɗin da ake biya a bayan gari

Wanda ya fita ma bai tsira ba. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanta daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. Kowace sabuwar unguwa ƙarin bututu ce a kan ruwan da tun asali bai wadata ba. A ƙaddara bututu mai tsawon kilomita ɗaya ya ratsa unguwa mai gida 200, wani mai tsawo ɗaya ya ratsa unguwar da gida 20 ne kawai ke da mutane, sauran kangaye ne. Kuɗin aikin ɗaya ne, amma abin da ya hau kan kowane gida a unguwa ta biyu ya ninka sau goma. Haka lissafin yake a kan turakun wuta da kwalta da kwasar shara. Shi ya sa mai sabon gida kan shekara da shekaru yana sayen ruwan garuwa.

Sai kuma kuɗin zirga-zirga. Ɗan kasuwar da gidansa ke kilomita 8 daga rumfarsa, in yana fita kwana shida a mako, a shekara zai ci kusan kilomita dubu 5 a zuwa da komowa kawai, ban da kai yara makaranta da kai iyali asibiti. Shi yana da babur ko mota. Yaron shagonsa fa, wanda rabin abin da ya samu zai tafi ga ɗan kabu-kabu? Ga kuma gonaki da fadamun bakin gari da ke ciyar da kasuwa da kayan miya, suna komawa fegi da bulo.

Kada kuma a ɗauka duk bayan gari na masu hali ne. Unguwa irin Kara-Kara, wadda aka ware don kutare, ta daɗe a gefe, kuma fim ɗin da Aisha Macky ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya nuna wa duniya halin da matasan wurin suke ciki. Garin da ya rabu uku, tsohon birni mai zubewa, sabuwar unguwa mai dogayen katangu, da unguwar da aka mance da ita, ba za a kira shi lafiyayye ba.

Gemun ɗan uwa

Wanda ke sarin kaya a Kano ya ga inda wannan hanya ke kaiwa. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ita ce a da matattarar fataken Afirka ta Yamma. Yau babban ciniki ya koma Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Dawanau. Badala ta zaizaye, an ci wurare da yawa da gini, kududdufan cikin gari da dama an cike su. A watan Maris na 2016 gobarar dare ta cinye shaguna sama da dubu 3 a kasuwar Sabon Gari. A Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, aka kuma ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. A can bayan gari kuwa, rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da gwamnatin jihar ta gina tsakanin 2011 da 2015, da yawansu sun shekara da shekaru babu kowa a ciki.

Sai dai Kano ta koya mana wani abu mai amfani. Fitar da cinikin hatsi na tirela-tirela zuwa Dawanau, a kan hanyar Katsina, dabara ce mai kyau, domin babbar mota ba ta da abin yi a lungu. Kayan nauyi da na sari su ne suka dace da bakin gari. Cinikin yau da kullum, da sana'ar hannu, da mazaunin mutane, su ne ya kamata a riƙe a tsakiya.

Yamai ma tana da darasi biyu. Da babbar kasuwa ta ƙone a 1982, an mai da ƴan kasuwa Wadata na ɗan lokaci, aka sake gina ta a mazauninta, aka buɗe a 1987, tsakiyar gari ta ci gaba da numfashi. Da ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012 kuwa, sai aka killace filin, aka warwatsa masu sayar da kayan miya zuwa wasu wurare, aka shafe fiye da shekara goma ba su koma ba.

Wannan ciwo bai bar ƙasashe masu arziki ba. Birnin Ditroyit na Amurka, cibiyar ƙera motoci, yana da mutum kusan miliyan ɗaya da dubu 850 a 1950. Masu hali suka riƙa komawa unguwannin kewaye, harajinsu ya bi su, masana'antu suka ja baya. A 2013 hukumar birnin ta bayyana a gaban kotu cewa ta karye, a ƙidayar 2020 kuma mutanen ciki ba su kai dubu 640 ba. Titi da bututun da aka shimfiɗa don mutum uku, sai ga shi mutum ɗaya ne zai biya kuɗin gyaransu.

Kwalliya daban, lafiya daban

Damagaram ta karɓi bikin 18 ga Disamba a 2006, ta sake karɓa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa. An shimfiɗa tituna, an gyara filin jirgin sama, garin ya yi kyau, kuma muna yaba wa. Amma shekara shida bayan bikin na biyu masallacin Birni ya faɗi, alhali tun 2006 sunan Birni da fadar sarki ke cikin jerin wuraren da Nijar ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Aikin biki yakan bi babban titi inda baƙi za su wuce, lafiyar gari kuwa tana cikin lungu, wajen lambatu da yaɓe da famfo.

Akwai inda aka gane haka. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013, hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27 tana tsaye, domin jama'a ba su daina yi mata yaɓe ba. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ke fitowa kwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallaci, ƙungiyar magina na jagoranci. A Yamai kuma, a 2016 wasu masu zanen gine-gine, cikinsu har da ƴar ƙasa Mariam Issoufou Kamara, sun kammala wasu gidaje shida masu bene da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka sa wa aikin suna Niamey 2000. Sun bayyana cewa tsarin tsofaffin birane irin su Tumbuktu da Kano da Damagaram suka duba, inda gidaje ke manne da juna amma kowa da sirrinsa. Ashe abin da ake gudu a Birni, shi masu ilmin zamani ke komowa nema. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ina mafita?

Kiranmu na farko ga attajirai da ƴan kasuwa ne. Wanda ya gina a bayan gari, Allah Ya sanya alheri, amma kada ya juya wa gidan gado baya. Kuɗin yaɓe da indararo na shekara ɗaya bai kai kuɗin katangar fili ɗaya ba. Magada su zauna tun da rani, gaban mai unguwa ko malami, su yanke shawara: ko ɗaya ya sayi rabon saura, ko a sa haya a ware kaso don gyara, ko a yi waƙafi da gidan ya zama makaranta ko masaukin baƙi. A tsofaffin biranen Musulmi irin su Fas da Alƙahira, hayar shagunan waƙafi ce ta riƙe masallatai da wuraren shan ruwa ɗaruruwan shekaru. Ƙungiyoyin ƴan kasuwar Dole da sauran kasuwanni suna iya kafa asusun yashe magudana, su kuma hana kowa, komai girmansa, kafa rumfa a kan hanyar ruwa ko hanyar motar ƴan kwana-kwana. Mai neman mangaza ya nemi bakin gari inda mota ke juyawa, ya bar gidan lungu ga masu kwana.

Kira na biyu ga hukuma ne. A daina yanka sabon fili sai an cika wanda aka riga aka yanka, a kuma sa wa kangon da ya daɗe ba gini haraji, domin ya daina zama asusun ajiya. Kuɗin da ake karɓa a kasuwa, a ga wani kaso nasa a unguwannin da ke kewaye da ita. A yi rajistar tafkunan gari, a hana cike su. Kafin kowace damina a zaga da tsofaffin magina a duba masallatai da zauruka, a kuma ba su matasa su koya, tun masu sanin makuba da laso ba su ƙare ba. Fada kuma tana da murya da hukuma ba ta da ita: in sarki ya sa ranar gayyar yaɓe, Birni da Zango za su fito.

Wannan magana ba ta Damagaram kaɗai ba ce. An aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, kuma duk ranar da jirgi ya fara sauke kaya, farashin fili zai tashi a kewayen kowace tasha, kuɗi su sake gudu daga tsakiyar gari. Mutanen Maraɗi da Jibiya da Katsina da Daura, da ma na Ƙonni da Magarya, gara su fara shawara tun yanzu. Baƙon da ya zo cin kasuwa tsakiyar gari yake sauka, da abin da ya gani a nan yake auna mutanen gari da amanarsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma tsare mana garuruwanmu da dukiyoyinmu, amin.